Wa ya kamata ya zaɓi bawul a masana'antar gilashi da tayil?

Tanderun narka gilashi yana aiki ne a zafin da ya kai digiri 1,500 zuwa sama a ma'aunin Selsiyos, kuma da zarar an kunna shi ba a kashe shi sai bayan shekara goma ko fiye, domin idan narkakken gilashi ya daskare a cikinsa, tubalan da aka gina shi da su sukan tsattsage, gyaran kuma yakan ci watanni. Duk abin da ke riƙe da wannan wuta, wato gas da iska da ruwan sanyaya ƙarfe, ta cikin bawul yake bi, na'urar da ke buɗe bututu, ta rufe shi ko ta daidaita gudun abin da ke cikinsa. Amma a masana'antu da yawa, wanda ke yanke hukuncin bawul ɗin da za a saya shi ne jami'in ofishin sayayya, wanda aka ajiye wa takardun 'yan kwangila uku aka ce ya ɗauki mafi araha. A ganina wannan kuskure ne na shugabanci, kuma injiniyan da zai kwana da tanderun shi ya kamata ya zama mai magana ta ƙarshe.

Dalilin farko shi ne masana'anta ɗaya tana ɗauke da abubuwa masu gudana waɗanda halinsu ya sha bamban, kuma faɗin bututu ba ya nuna komai a kan wannan. A masana'antar kwalba irin ta Beta Glass da ke Agbara da Ughelli, ana haɗa yashi da tokar soda da dutsen farar ƙasa da fasassun kwalabe kafin a zuba su cikin tanderu, kuma a irin waɗannan wurare akan tura wasu daga cikin garin ta bututu da ƙarfin iska. Yashi yana cin ƙarfe kamar yadda dutsen wasa wuƙa ke cinsa. Bawul mai ƙwallo na gama-gari, wanda zai yi shekaru a layin ruwa, a nan mazauninsa zai rarake cikin ɗan lokaci ya fara yoyo. Abin da ya dace shi ne wanda aka lulluɓe cikinsa da tangaran mai tauri ko ƙarfen da aka ƙarfafa musamman, ko da farashinsa ya ninka.

A masana'antar tayil, irin wadda West African Ceramics ke da ita a Ajaokuta, matsalar ta fi fitowa fili. Ana niƙa yumɓu da duwatsu da ruwa har su zama kunu mai kauri, sannan a fesa kunun cikin hasumiyar busarwa ya koma gari, a danne shi a injin matsa, a shafa masa ruwan ƙyalli, a gasa shi a zafin da ya kusanci digiri 1,200. Wannan kunu yana da halaye biyu marasa daɗi: yana goge duk abin da ya taɓa, kuma idan ya samu lungu ya kwanta sai ya bushe ya zama dutse. Shi ya sa masu ƙwarewa suka fi son bawul mai matse roba, wanda cikinsa bututun roba ne miƙaƙƙe da ake matsewa daga waje, ko mai tantanin roba, ko mai wuƙa da ke yanka ta cikin kaurin. A layin ruwan ƙyalli kuwa akwai ƙarin sharaɗi, domin ɗan tsatsa daga bawul na baƙin ƙarfe ya isa ya bar ɗigo-ɗigo a fuskar farin tayil, a mayar da kaya masu daraja ta ɗaya zuwa ta biyu ba tare da kowa ya gane daga ina ɓarnar ta fito ba.

Dalili na biyu, wanda ya fi kowanne nauyi a ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas, shi ne tambayar da takardar farashi ba ta taɓa amsawa: ina bawul ɗin zai tsaya idan wuta ta ɗauke ko iskar kwamfuresa da ke motsa shi ta yanke? Na layin gas dole ne sifirin ɗinsa ya rufe shi nan take, don kada gas ya ci gaba da taruwa a tanderun da harshen wutarsa ya mutu, a zo sake kunnawa ya fashe. Ƙa'idar Turai da ta Amurka ta NFPA 86 duk sun tanadi bawul ɗin tsaro mai rufe kansa a layin makamashi, kuma a manyan murahu akan jera biyu a gwada su lokaci-lokaci a tabbatar ba sa yoyo. Na ruwan sanyaya kuwa akasin haka ake so, ya buɗe ya bar ruwa ya ci gaba da gudana, domin ƙarafan da ke kusa da narkakken gilashi ba sa jure ko 'yan mintuna babu ruwa. Bawul biyu za su iya zama girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, kamfaninsu ɗaya, amma idan aka musanya su an ɗana wa ma'aikata tarko.

Iskar oksijin ma tana da nata hukuncin. Tanderun da ke ƙona gas da tsantsar oksijin yana rage ɓarnar makamashi, amma giris ko ɗigon mai da ya rage a cikin bawul zai iya kamawa da wuta da zarar oksijin mai ƙarfi ya bi ta kansa. Irin wannan bawul ana wanke shi ne tun daga masana'antarsa, a rufe shi a leda, a haɗa shi da takardar shaida, kuma makaniken da ya saba shafa giris a kowane zare don ya ɗauru da sauƙi yana buƙatar a ja masa kunne tun kafin ya taɓa shi. A tanderun da ke juya wuta daga wannan gefe zuwa wancan kusan kowane minti ashirin, bawul ɗin juyawar yana motsi sau saba'in da wani abu a rana, shekara da shekaru, don haka adadin buɗewa da rufewar da zai iya jurewa shi ne ma'auninsa na gaskiya.

Akwai kuma kuskuren da kan fito daga kyakkyawar niyya, wato sayen bawul ɗin daidaita gudu wanda ya fi buƙata girma, da tunanin cewa babba ya fi aminci. Irin wannan yakan yi aiki kusan a rufe, ɗan motsi kaɗan ya sauya yawan gas sosai, zafin tanderu ya riƙa hawa da sauka, tayil ya fito da bambancin launi da girma a kwali ɗaya.

Masu riƙe da kuɗin kamfani suna da hujjarsu, kuma ba hujjar banza ba ce. Tun da aka saki farashin naira a shekarar 2023, duk kayan da ake shigowa da su sun yi tsada, kuma ba kowane layi ne ke buƙatar bawul ɗin Jamus ko Italiya ba. Na yarda da wannan. A layin ruwan wanke-wanke ko iskar share ƙura, bawul mai faifai na Sin ko Indiya ya wadatar, kuma saka mai tsada a can almubazzaranci ne. Abin da nake jayayya a kai shi ne a ware layukan da tsayuwarsu ke nufin tsayuwar tanderu, a bar injiniya ya rubuta sharuɗɗansu, a nemi takardar gwaji, a kuma sayi robobi da mazaunai na canji tare da su, tunda kayan gyaran da ke cikin jirgin ruwa ko suka maƙale a tashar Apapa ba sa kashe gobarar yau. Rage yawan samfura ma yana taimakawa, domin ɗakin ajiyar da ke da iri biyar ya fi sauƙin cikawa a kan mai iri talatin.

Wannan magana ta shafi Arewa ne saboda bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Gas shi ne abin da masana'antar tayil da gilashi ta fi dogara da shi, farin yumɓu kuma akwai shi a Ƙanƙara da Alƙaleri. Duk wanda ke shirin kafa irin wannan masana'anta a Chalawa ko Kakuri zai gamu da abin da takardar mai ƙera bawul daga Turai ba lallai ta yi la'akari da shi ba, wato ƙurar hunturu da ke shiga kwamfuresa ta toshe ƙananan hanyoyin iskar da ke motsa bawul, da zafin bazara da ke busar da roba. Matatar iska da na'urar busar da ita suna cikin lissafin farashin bawul, kuma ya kamata a rubuta su a takarda ɗaya tun ranar da ake neman tayin 'yan kwangila.