Rigar Maradona ta fam miliyan 7 da yagaggen tikitin da ke cikin akwatina

Ranar 22 ga Yunin 1986, bayan an tashi wasan Ajantina da Ingila na gasar cin kofin duniya a filin Azteca da ke birnin Meziko, ɗan wasan tsakiya na Ingila Steve Hodge ya yi kiciɓis da Diego Maradona a hanyar ɗakin sauya kaya. Ba sa jin yaren juna, sai Hodge ya ɗan ja rigarsa, Maradona ya gane nufinsa, suka yi musaya. Abin da zai ba ka dariya shi ne Hodge ɗin ne ya yi kuskuren dukan ƙwallon da ta tashi sama ta nufi mai tsaron ragarsu Peter Shilton, Maradona ya yi tsalle ya sa hannu ya tura ta raga. Minti huɗu bayan haka ya ɗauko ƙwallo daga ɓangarensu, ya yanke 'yan Ingila ɗaya bayan ɗaya ya ci ta biyu. A watan Mayun 2022 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da wannan shuɗiyar rigar a kan fam miliyan 7.1.

Ita kanta rigar ba wata abar a zo a gani ba ce. Kocin Ajantina, Carlos Bilardo, ya ga shuɗayen rigunan da suka zo da su sun yi nauyi a zafin Meziko, sai aka aika wani ya zaga shagunan birnin ya samo marasa nauyi. Cikin gaggawa aka ɗinka musu tambarin ƙasa aka manna lambobi. Rigar kanti ce kawai, gumin minti 45 da ƙwallo biyu ne suka mayar da ita dukiya.

Tun daga nan kasuwar ta haukace. A Satumbar 2022, rigar da Michael Jordan ya sa a wasan farko na zagayen ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta Amurka a 1998 ta tashi a dala miliyan 10.1. A Disambar 2023 riguna shida da Lionel Messi ya sa a gasar cin kofin duniya ta Katar sun kai dala miliyan 7.8. A Agustan 2024 rigar Babe Ruth, gwarzon ƙwallon gora na Amurka, ta 1932, ta haura dala miliyan 24. Duk lokacin da aka buga irin wannan labari, sai ka ji mutane suna tambaya ko tsohuwar rigar da ke ƙasan akwatinsu za ta yi kuɗi. Ni dai tambayar ce ke damuna, domin ta nuna mun fara auna kayan tunawa da sikelin da ba nasu ba.

Ni ma ina da nawa. Tikitin wasan farko da na taɓa kallo a fili ne, yagagge a gefe inda mai tsaron ƙofa ya tsinke shi, rubutun jikinsa ya kusa gogewa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya kai ni. An ci ƙungiyarmu a ranar, wasan ma bai yi armashi ba, kuma yau ba zan iya lissafo 'yan wasa uku da suka buga ba. Amma na riƙe yadda ya ɗora ni a wuyansa da aka zo bugun kusurwa, da yadda muryarsa ta dushe saboda ihu, mutumin da a gida sai ka kasa kunne kafin ka ji abin da yake faɗa. Idan na kai tikitin nan gwanjo, ko taya shi ba za a yi ba. Idan kuma gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, yana cikin abin da zan fara wawura.

Ka tambayi duk wani mai son wasa abin da ya fi ji da shi, da wuya ya nuno maka mai tsada. Wani rigar da ta yi masa kaɗan tun shekara 20 da suka wuce zai ɗauko, wani shafin jaridar washegarin cin kofi, wani littafin manna hotunan 'yan wasa na Panini, wanda aka fara yi wa gasar kofin duniya tun 1970, da gurbi biyu ko uku da har yau bai cike ba. Da ka karɓa ka duba, sai labari ya ɓarke: da wa aka je, wa ya saya masa, wa ya rasu tun daga lokacin. Kayan shaida ne cewa ranar ta faru kuma yana wurin. Attajirin da ya sayi rigar Maradona ya mallaki wani yanki na tarihin duniya, babu musu, sai dai labarin haɗuwar nan ta hanyar ɗakin sauya kaya yana nan a bakin Hodge, bai shiga cinikin ba.

Labarin ƙwallon wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 1966 ya ƙara fito da wannan fili. Ingila ta doke Jamus ta Yamma da ci 4 da 2 a Wembley, Geoff Hurst ya ci uku, kuma bisa al'adar Ingila mai ci uku shi ke tafiya da ƙwallo. Helmut Haller, Bajamushen da ya fara zura ƙwallo a wasan, ya riga shi ɗauka, ya tafi da ita gida ya ba ɗansa. Shekara 30 tana can, sai a 1996 aka dawo da ita Ingila. A wurin Ingilawa kayan tarihin ƙasa ce, a gidan Haller kuwa tsarabar uba ce ga ɗansa. Wa za ka ce bai san darajarta ba?

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wanda ya faru a Liverpool bayan turmutsutsun da ya rutsa da magoya bayan Liverpool a filin wasa na Hillsborough ranar 15 ga Afrilun 1989, wanda ya zama sanadin ajalin mutum 97. Magoya baya suka riƙa zuwa Anfield, filin Liverpool, suna ajiye gyalen wuyansu na ƙungiya, irin wanda mutum ya shafe shekaru yana ɗagawa sama yana waƙa. Aka ƙuƙƙulla na Liverpool da na abokiyar hamayyarta Everton, suka zama igiya guda tun daga Anfield har Goodison Park, filin Everton a lokacin. Mutum ba ya kai abin banza wurin makoki. Abin da suka fi so suka rabu da shi, kuma babu kundin gwanjon da zai iya sa wa wannan farashi.

Kada a ɗauka ina zargin masu sayarwa. Hodge ya ba gidan adana kayan tarihin ƙwallo na Ingila aron rigar kusan shekara 20, kowa ya je ya gani, kafin ya sayar. 'Yan wasan da ba su riski zamanin albashin miliyoyi ba da yawansu kayan nan ne jarinsu na tsufa. Gordon Banks, mai tsaron ragar Ingila a 1966, ya sayar da lambar yabonsa ta kofin duniya a 2001. Abokin wasansa Nobby Stiles ya sayar da tasa a 2010 don ya bar wa iyalinsa wani abu, tsohuwar ƙungiyarsa Manchester United ta saya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kasuwar ta kuma sa ana kula da abubuwan da da tuni asu ya cinye su. Illarta dai ita ce inda kuɗi ya taru, 'yan damfara ba sa nisa. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta bankaɗo gungun masu buga sa hannun jabu na taurarin wasanni suna zuba wa kasuwa. Ita kanta rigar Maradona sai da 'yarsa Dalma ta ce ta kafin hutun rabin lokaci ce, ba wadda ya ci ƙwallayen da ita ba, Sotheby's kuwa ya ce ya riga ya sa an gwada ta da hotunan wasan an tabbatar. Tikitina ba ya buƙatar takardar shaida, ni ne shaidarsa.

Fargabata tana wani wuri daban: irin waɗannan ƙananan abubuwa suna ƙarewa. Tikiti ya koma cikin waya. A gasar Turai ta 2024 a Jamus, ta manhaja 'yan kallo suka riƙa shiga fili, ka nuna fuskar wayarka a ƙofa, na'ura ta yi ƙara, shi ke nan. Bayan gasar Katar kuwa FIFA ta buɗe wa waɗanda suka halarta damar sayen tikitin takarda na tunawa, wanda ake bugawa bayan an gama komai. Na fahimci dalilin, tikitin waya yana rage jabu da 'yan bunburutu. Amma takardar da ba ta shiga aljihunka a ranar ba, ba ta jiƙe da guminka ba, ba ka murƙushe ta a hannu lokacin bugun fanareti ba, me za ta tuna maka?

Haka ma riga. Manyan ƙungiyoyi yanzu kowace kaka sai sun fitar da uku, ta gida da ta waje da ta uku, wani lokaci har da ta huɗu ta musamman. Kafin riga ta saba da jikinka ta zama tsohon yayi. Ga kuma abin da ake ƙerawa tun daga masana'anta da sunan kayan tarihi, a buga masa lamba, a ce guda kaza kawai aka yi, a haɗa da takardar shaida. Ana so a sayar mana da tunawa kafin a yi abin da za a tuna. Musayar riga ma ba haka ta faro ba. A 1931 Faransa ta doke Ingila da ci 5 da 2, murna ta cika 'yan wasanta har suka roƙi a ba su rigunan abokan karawarsu. Hoton Pele da kyaftin ɗin Ingila Bobby Moore suna musaya a 1970, tsirara daga ƙugu zuwa sama suna murmushi, har gobe ana kallonsa saboda babu wanda ya shirya shi.

Buƙatata ga ƙungiyoyi da masu shirya gasa ƙarama ce. Ku bar tikitin waya yadda yake, amma ku ajiye na'urar bugawa a ƙofa, duk wanda ya shigo yana so, a miƙa masa 'yar takarda mai kwanan wata da sunan ƙungiyoyi da lambar kujera. Kuɗin da za a kashe ba mai yawa ba ne.

Kwanakin baya na kai ɗana kallon wasansa na farko. A ƙofa na nuna waya muka wuce. Da muka dawo gida na buɗe akwati na nuna masa tikitin wasan da kakansa ya kai ni, ya jujjuya shi a hannu, ya ɗago ya ce, "Baba, ina nawa?" Na lalubi aljihuna ban sami komai ba sai rasidin wurin ajiye mota. Na rubuta sakamakon wasan a bayansa na ba shi, ya sa a cikin littafinsa na makaranta.