Komawa intanet bai zo wa sassan adabi da fasaha da sauƙi ba

Har yanzu ana cewa lokacin da cutar korona ta sa jami'o'i suka rufe ƙofofinsu a 2020, sassan adabi, tarihi da fasaha ba su yi asarar komai ba, tunda karatunsu magana ce da littafi, ba kamar kimiyya mai buƙatar ɗakin gwaje-gwaje ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin lacca ta koma Zoom ba tare da wahala sosai ba.

Sai dai lacca ɗan ɓangare ce kawai na aikin. Mai nazarin tarihi ya dogara ne da laburare da ma'ajiyar tsofaffin takardu, kuma an rufe su, alhali yawancin takardun ba a taɓa ɗora su a intanet ba. A Amurka sai da HathiTrust, wata ma'ajiyar littattafai ta intanet da jami'o'i suka haɗu suka kafa, ta ba jami'o'in da ke cikinta damar wucin gadi ta karanta kwafin littattafansu da ke kulle.

Ga misalin ɗaliban kiɗa: sauti kan yi ɗan jinkiri kafin ya isa ta intanet, don haka mutum goma ba sa iya yin kiɗa ɗaya a tare. Dole kowa ya naɗi nasa a ɗakinsa, sannan a harhaɗa a kwamfuta.