Sauke sautin waƙa ba abin kunya ba ne

Shekarata ta uku ke nan a birnin Osaka na ƙasar Japan, kuma akwai abin da na daɗe ina gani a ɗakunan karaoke wanda yake ci mini tuwo a ƙwarya. Yau dai zan faɗe shi. Saurayi zai karɓi makirufo, ya zaɓi waƙar da kowa ya san tana da wuyar hawa, ya fara lafiya lau, sai amshi ya zo. Nan za ka ga jijiyoyin wuyansa sun tashi, haɓarsa ta miƙe sama, fuska ta yi ja, muryar ta tsage. Abokai su tafa masa saboda kara. Ga na'urar zaɓen waƙa a gabansa kan tebur, ga maɓallin sauke sauti a jikinta, amma ba zai taɓa shi ba. A ganinsa taɓa maɓallin nan faɗuwa ce a gaban mutane.

Ga 'yan'uwa na gida da suke zaton karaoke wani gidan rawa ne, ba haka yake a nan ba. Ƙaramin ɗaki ne kuke haya na awa ɗaya ko biyu, ku rufe ƙofa, daga ku sai talabijin da lasifika. Ɗalibai suna zuwa, iyaye suna zuwa da yaransu, tsofaffi suna zuwa da hantsi. Kalmar kanta guntaye biyu ce: "kara", wato wofi, da "oke", gutsuren kalmar da ke nufin ƙungiyar makaɗa. Kiɗa ne da aka bar gurbin murya a cikinsa domin ka cike da taka. Daisuke Inoue, makaɗin da ya haɗa ɗaya daga cikin na'urorin farko a Kobe a 1971, ya yi ta ne saboda mutanen da suke son rera waƙa alhali ba sana'arsu ba ce. Yau na'urorin DAM da JOYSOUND ne suka mamaye ɗakunan, kuma dukansu suna ba ka damar ɗaga waƙa ko sauke ta mataki-mataki har ta dace da maƙogwaronka.

To me ya sa ake gudun maɓallin? Akwai abin da suke kira "genkyoku kii", wato ainihin sautin da mai waƙar ya rera ta da shi. A tsakanin samari musamman, rera waƙa a kan wannan sautin ya zama abin tinƙaho. Har lissafi suke da shi na kansu: za ka ji ana cewa wane yana kai wa hiA, wane yana kai wa hiC. Wannan hiA ɗin shi ne sautin da ke girgiza sau 440 a daƙiƙa guda, kuma yawancin mazan da ba su koyi waƙa ba sukan fara shan wahala tun kafin su isa gare shi. Waƙoƙin da ke tashe a Japan yanzu kuwa da yawansu a samansa suke yawo, kamar ba komai ba.

Ina so a fahimci dalilin da ya sa waƙoƙin suka zama haka, domin wanda ya gane wannan zai daina zargin kansa. A 2007 aka fito da Hatsune Miku, muryar kwamfuta da aka gina kan fasahar Vocaloid ta kamfanin Yamaha. Matasa suka riƙa tsara mata waƙoƙi a ɗakunansu suna sakawa a intanet. Kwamfuta ba ta numfashi, ba ta gajiya, ba ruwanta da tsalle daga ƙasa zuwa can ƙoli cikin ƙiftawar ido. Waɗanda suka tashi suna rubuta mata waƙa, daga baya su ne suka dawo suna rubuta wa mutane. Ayase, mai tsara waƙoƙin ƙungiyar YOASOBI, daga can ya fito, mawaƙi Kenshi Yonezu ma haka. Shi ya sa za ka tarar da baiti mai gudu, kalmomi a cunkushe, babu inda za ka ja iska, sannan a ƙarshe a sake ɗaga waƙar gaba ɗaya.

Ga wani misalin da na fi so. Waƙar "Hakujitsu" ta ƙungiyar mawaƙa King Gnu, wadda ta fito a 2019, tana cikin waƙoƙin da ake gwada ƙwanji da su. Amma mutum biyu ne suka rera ta. Satoru Iguchi ne ke ɗaukar saman, kuma shi sai da ya yi karatun murya a Jami'ar Fasahar Zane da Kiɗa ta Tokyo. Daiki Tsuneta ne ke riƙe ƙasan. Aikin maƙogwaro biyu kake ɗora wa naka guda ɗaya, da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, bayan ka wuni kana magana a wurin aiki. Su a ɗakin ɗaukar sauti suna iya maimaita baiti har sai ya fita yadda suke so. Kai kuwa sau ɗaya tak za ka bi ta, daga farko zuwa ƙarshe.

Ba daga nesa nake wannan magana ba. A shekarata ta farko na bi sahun abokai, na dage sai na rera irin waɗannan waƙoƙin a sautinsu na asali. Wani dare na yi awa uku ina turo murya da ƙarfin tsiya. Washegari na tashi, sallama ma da ƙyar take fita. Kwana biyar ina raɗa, kuma a makon nan ne zan gabatar da aikina a gaban malamai. Likitan da na gani ya leƙa maƙogwaron ya ce tantanin muryar ne ya kumbura. Wasu 'yan tsokoki biyu ne ƙanana da ke haɗuwa suna girgiza duk lokacin da ka yi sauti, idan ka matsa musu sai su yi ta bugun juna. Ya ce wanda ya mayar da hakan ɗabi'a, wani tauri irin na kanta kan fito wa tsokokin, wani lokaci har sai an yi aiki. Na tsorata ƙwarai. Da wannan muryar nake karatun Alƙur'ani, da ita nake gaida mahaifiyata a waya duk Juma'a.

Sai dai zan yi adalci, don kada a ce na sauƙaƙa abin da ba sauƙi gare shi ba. Maɓallin ba ya warware komai da komai. Waƙa mai tsayin sauti daban, waƙa mai faɗin zango daban. Idan tsayi ne kawai matsalar, ka sauke mataki uku, shi ke nan. Amma idan faɗi ne, wato ta taɓo can ƙasa kuma ta taɓo can sama, to kana sauke ta saman ya zo hannu, ƙasan kuma ya nutse, baitin farko ya koma gunaguni wanda ko na kusa da kai ba ya ji. A nan ne ainihin aikin yake, kuma a nan ne nake ganin darajar waɗannan waƙoƙi. Japanawa suna kiran muryar ƙirji "jigoe", siririyar muryar kai kuma "uragoe". Tsakaninsu akwai wata gada inda murya ke son karyewa. Mawaƙan da muke sha'awa ba ihu suke yi ba, gadar suka iya hayewa ba tare da ka ji sawunsu ba. Wannan koyo ne na watanni, a hankali, da ƙaramin sauti. Abin da ya ba ni mamaki shi ne sai da na rage ƙarfi sannan saman ya fara buɗe mini.

Inda na koya shi ne "hitokara", wato ka kama ɗaki kai kaɗai. Da rana a ranakun aiki kuɗin ba shi da yawa. Nakan nemi ruwan ɗumi, in fara da waƙa mai sauƙi kamar minti goma, sannan in ɗauki mai wuyar in nemo sautinta mafi tsayi da mafi ƙasa, in yi ta matsar da ita har duka biyun su shiga cikin abin da nake iyawa. Daidai ruwa, daidai tsaki. Idan waƙar mace ce, sau da yawa ɗaga ta nake yi mataki huɗu ko biyar, sannan in rera ta a zangon ƙasa, dabarar da mutane da yawa ba su sani ba. Wata waƙar kuma nakan ajiye ta, in ce ba bana ba.

Na'urar ba da maki ma ba ta goyon bayan masu taurin kai. Tana duba ko ka dace da layin sautin da ke gudana a allo, da yadda ka riƙe dogon sauti, da kaɗawar murya. Ba ta rage maka maki don ka sauke waƙa. Mutum ne kawai ya ɗora wa kansa wannan doka.

Watan jiya mun je da mutanen ɗakin bincikenmu. Akwai wata baiwar Allah a cikinmu, ba ta cika magana ba. Da layi ya zo kanta ta zaɓi wata waƙa da na sha jin ana kokawa da ita, ta sa yatsa ta sauke ta mataki uku a gaban kowa, ba ta nemi uzurin kowa ba. Da ta kai amshi, wanda ke kaɗa kacau-kacau ya ajiye shi, masu duba waya suka ɗago kai. A ranar na fara jin kalmomin waƙar sosai, ashe magana take a kan wanda ya rasa ɗan'uwansa. Da ta gama an ɗan yi shiru kafin a tafa, sannan saurayin da ke kusa da ni ya jawo na'urar, ya tambaye ta mataki nawa ta sauke.