Wa zai rubuta mana labarin Bormi?

'Yan uwa daga Gombe sukan tambaye ni, da yake aiki ya zaunar da ni a arewacin Ingila, waɗanne littattafai ne ake rububinsu a nan, kuma wanne ne ya cancanci mutum ya kashe kuɗinsa da lokacinsa a kansa. Nau'i biyu ne suka fi cika kantocin laburaren unguwarmu, wato ƙagaggun labaran da aka gina a kan tarihi, da labaran bin sawun mai laifi tare da danginsu masu hana mai karatu barci sai ya ga ƙarshe. A cikin waɗanda na karanta, waɗanda nake ganin sun fi amfani ga ɗan Gombe ko ɗan Bauchi su ne waɗanda 'yan Afirka suka rubuta a kan garuruwansu, domin su ne ke nuna mana ƙarara irin dukiyar da muke zaune a kanta ba mu taɓa ta ba, kamar labarin yaƙin Bormi na 1903 da aka yi a ƙasar Gombe.

A nan katin laburare kyauta ne, kuma mutum yakan ari littattafai ya riƙe su makonni kafin ya mayar. Da hantsi za ka ga tsofaffin mata da jakunkunansu sun nufi kantar labaran bincike kai tsaye, suna ɗaga littafi su duba bayansa su ajiye, suna neman na gaba a jerin da suke bi. Wannan ɗabi'a ce ta raya kasuwar, har aka kafa kyaututtuka domin kowane nau'i. Kyautar Walter Scott, wadda aka fara bayarwa a 2010, ta ƙagaggun labaran tarihi ce zalla, kuma sharaɗinta shi ne labarin ya faru aƙalla shekara 60 kafin a buga littafin. Wadda ta fara cin ta ita ce Hilary Mantel da littafinta Wolf Hall, a kan Thomas Cromwell, babban na hannun daman Sarki Henry na Takwas, kuma wannan littafi da wanda ya biyo shi sun ci kyautar Booker a 2009 da 2012. Duk da haka ban yarda cewa duk abin da ke kan waɗannan kantoci abin koyi ba ne. Akwai tarin littattafai da ake kashe mutum a babin farko domin kawai a nishaɗantar da mai karatu, a bar gawar babu mai yi mata kuka, a ci gaba da shan shayi ana warware wasa ƙwaƙwalwa. Wanda ya zauna a Gombe a 2014 da 2015, lokacin da bama-bamai suka tashi a tasha da kasuwa, ya bi sahun jana'iza bayan jana'iza, da wuya ya ji daɗin irin wannan wasa da rai.

Littafin da zan fara miƙa wa Bahaushe shi ne The Hundred Wells of Salaga na Ayesha Harruna Attah, 'yar ƙasar Gana, wanda ya fito a 2018. Salaga ba baƙon gari ba ne a wurinmu, domin nan ne ayarin fatake daga ƙasar Hausa ke sauka idan sun tafi Gwanja sayen goro, kuma nan ne Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna kafin ya koma Kete Krachi. Labarin ya bi rayuwar mata biyu a ƙarshen ƙarni na 19, gab da yaƙin basasar Salaga na 1892: Aminah, wadda mahara suka kama aka kai ta kasuwar bayi, da Wurche, 'yar sarauta wadda ta saye ta. Rijiyoyin da aka ambata a sunan littafin su ne waɗanda ake wanke bayi da ruwansu kafin a fito da su ga masu saye. Marubuciyar ta bayyana cewa wata kakarta ta can sama ce aka taɓa sayarwa a wannan kasuwa, kuma na yi imani wannan ne ya ba ta ƙarfin zuciyar da ta rubuta abin da yawancinmu ke kauce masa, wato cewa masu kama bayin da masu sayen su baƙaƙen fata ne, da yawansu Musulmi ne, kuma suna da iyali da tausayi da buri kamar kowa. Ba ta mayar da Wurche dodo ba, ba ta kuma wanke ta ba. Mai karatu yana fahimtar dalilinta a daidai lokacin da yake jin zafin abin da ta aikata, kuma wannan gwanintar ce ta bambanta ƙagaggen labari mai kyau da darasin tarihi na aji.

Na biyu shi ne Afterlives na Abdulrazak Gurnah, haifaffen Zanzibar, wanda ya fito a 2020, shekara guda kafin marubucin ya karɓi kyautar Nobel. Ya shafi mutanen gaɓar tekun gabashin Afirka a zamanin mulkin Jamusawa, musamman samarin da suka shiga sojan Bature suka yaƙi 'yan uwansu, da yadda suka ƙarasa rayuwarsu bayan yaƙi ya watse. Gurnah ba ya gaggawa, kuma wanda ya saba da labari mai gudu zai iya ƙosawa a tsakiya, amma ya daure, domin a ƙarshe littafin ya rikiɗe ya zama neman wani mutum da ya ɓace, ana bin sawunsa a cikin tsofaffin takardun gwamnatin Jamus. Duk wanda ya san cewa Hausawa da yawa ne suka riƙe wa Lugga (Lord Lugard) bindiga lokacin da ya ci ƙasar Hausa zai ga tambayar da ta shafe mu a ciki. A wannan sahu kuma akwai The Shadow King na Maaza Mengiste, a kan matan da suka yaƙi Italiya lokacin da ta mamaye Habasha a 1935.

Ta fuskar bincike, Lightseekers na Femi Kayode, wanda ya fito a 2021, shi ne ya fi tsaya mini a rai. An gina shi a kan abin da ya yi kama da kisan ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal da taron jama'a ya yi a Aluu a watan Oktoba na 2012. A cikin littafin ɗalibai uku ne, kuma babu wani sirri game da waɗanda suka yi kisan, tunda an ɗauki bidiyonsa kowa ya gani. Abin da mahaifin ɗaya daga cikinsu ke son sani shi ne dalili, don haka ya ɗauko masanin halayyar ɗan Adam ya tura shi garin. Wannan zaɓi yana da muhimmanci ga marubutanmu. Labarin bincike na Turawa ya ginu ne a kan yardar cewa idan ɗan sanda ya gano gaskiya kotu za ta yi aiki da ita, alhali a wurinmu idan abu ya faru mutum yakan fara zuwa wurin mai unguwa, ko limami, ko wani dattijo a dangi, kuma sau da yawa kowa ya san mai laifin, faɗa ce kawai ba a iya yi. Saboda haka sufeto mai doguwar riga da gilashin duba sawu ba zai zauna daidai a unguwannin Gombe irin su Jekadafari ko Pantami ba. Mai binciken da zai gamsar da mu yana iya zama ɗan jarida, ko magatakardan kotun shari'a, ko ungozomar da ke shiga kowane gida tana jin abin da maza ba sa ji.

Ɗan jiharmu ma ya riga ya gwada wannan hanya. Helon Habila, haifaffen Kaltungo, wanda ke koyarwa a Amurka, ya sa 'yan jarida biyu ne suka shiga fadamun yankin Neja Delta neman matar wani Bature da aka sace a littafinsa Oil on Water na 2010. Kafin nan, a 2007, ya fitar da Measuring Time, inda wani matashi mai ciwon sikila ya ɗauki aikin rubuta tarihin ƙauyensu da na masu sarautarsa, sai ya tarar cewa abin da fada ke son a rubuta dabam ne da abin da ya faru. Ban ga littafin da ya fi shi bayyana matsalar da ke gaban duk mai son rubuta tarihin yankinmu ba, kuma abin takaici ne cewa na fi samun waɗanda suka karanta shi a nan fiye da a Gombe.

Bai kamata a ɗauka cewa wannan nau'in rubutu baƙo ne a Hausa ba. A gasar rubutun ƙagaggun labaran Hausa da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933, biyu daga cikin littattafan da suka yi fice na tarihi ne: Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya taɓo zuwan Turawa, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan Bauchi, a lokacin yana malamin makaranta. Shi ma a kan bauta ya yi rubutu, a kan yaron da aka sace aka ƙetare Sahara da shi, da mahaifiyar da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu sayar da mutane, kuma ya zaunar da mai ba da labarin a Rauta, kusa da Bauchi, gari na gaske da ake iya zuwa. Ya yi wannan fiye da shekara 80 kafin littafin Salaga. A 1982 kuma Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare suka nuna cewa Hausa na iya ɗaukar labarin fasa-ƙwauri da ta'addanci mai tayar da tsikar jiki.

Masu karatu ma ba su ƙare ba, sun dai koma waya ne. Ƙanwata a Tudun Wada tana biyan 'yan ɗaruruwan naira ta shiga zauren WhatsApp na wata marubuciya, kullum da dare sai a turo shafukan ranar, ta karanta su tana jiran tuwo ya sulala, washegari kuma a wayi gari ana muhawara a kan abin da jarumar ta yi. Samun masu karatu masu irin wannan ƙwazo abu ne da mawallafan Ingila ke kashe maƙudan kuɗi a kansa. Matan nan da ke rubutu kullum ba tare da maɗaba'a ko tallafin kowa ba sun cancanci yabo. Inda nake da ƙorafi shi ne, idan marubutanmu suka juya ga yaƙi ko bincike, sai su kai labarin wani birni marar suna a wani zamani marar shekara, da sarakuna masu sunayen da babu mai irinsu a unguwa. Dalilan a bayyane suke. Wanda ke turo babi kowace rana ba shi da watannin da zai yi yana tonon takardu, ba shi da editan da zai ce masa wannan bindiga ba ta zo ƙasar nan ba sai bayan shekara talatin, sannan yana tsoron kada jikokin wanda ya ambata su ce ya ci mutuncin gidansu. Tsoron nan na ƙarshe gaskiya ne, amma yana da magani, kuma shi ne wanda Attah da Gurnah suka yi amfani da shi: a bar sarakuna da manyan abubuwan da suka faru yadda tarihi ya tabbatar da su, a ƙirƙiri talakan da zai tsaya a gefe yana gani.

Ga Bormi nan kusa da Bajoga, a ƙaramar hukumar Funakaye. Gari ne da Malam Jibril Gaini ya mayar sansanin masu jiran Mahadi, ya gagari Gombe shekaru da dama, har Turawa suka kama shi a 1902 suka kai shi Lokoja. Bayan Sakkwato ta faɗi a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a suka riƙa barin gonakinsu da gidajensu suna bin sa, sarakuna da malamai da mata masu goyo. An kai wa Bormi hari a watan Mayu aka kasa cin ta, sai a ranar 27 ga Yuli aka dawo da ƙarfi, aka kashe Attahiru tare da ɗaruruwan mabiyansa, shi ma Manjo Marsh da ya jagoranci harin ya mutu a wurin. Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya tare da ɗan Attahiru, Mai Wurno, har Sudan, inda suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogin Nilu. A cikin wannan tafiya ta 'yan watanni akwai matar da mijinta ya ce su tashi ita kuwa tana da tsohuwar da ba ta iya tafiya, akwai Bahaushen sojan Turawa da ke harbi yana sane da cewa ɗan garinsu na cikin ganuwa, akwai tafinta da ke ɗaukar saƙo tsakanin ɓangarori biyu kowa na zarginsa. Ningi ma haka take a Bauchi, inda malaman da suka baro ƙasar Kano a shekarun 1840 suka haɗa kai da mutanen duwatsu suka hana masarautu uku sakat na tsawon shekaru.

Kayan aikin suna nan ga mai so. Rahotannin jami'an mulkin mallaka suna ajiye a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da kuma Kew a Landan, sai dai duk muryar wanda ya ci yaƙi ce, kuma dole a auna ta da abin da mutanen wurin suka riƙe. A Bajoga da Ashaka da Nafada har yanzu akwai dattawan da suka ji labarin daga bakin kakanninsu, kuma kowace shekara raguwa suke yi. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya sa zuwa wurin zuriyar masu hijira ya yi wuya a yanzu, amma marubucin da ke zaune a Gombe mota ɗaya zai hau da safe ya isa Bajoga kafin azahar, da wayar da zai naɗi murya a aljihunsa.