Gudun tsirara a Harvard ba tsafi bane

Wai ɗaliban jami'ar Harvard a Amurka da ke gudu tsirara 'yan ƙungiyar asiri ne, ko dole ake musu kafin a basu digiri. Wallahi ba haka bane. Primal Scream suke kiran abin, sau biyu a shekara, ƙarfe 12 na dare ana gobe jarabawa, masu so su tuɓe su zagaye tsakar makarantar da gudu suna ihu har cikin sanyin Disamba, don dai su sauke gajiyar karatu. Da can ihu ne kawai ta taga, tuɓewar daga baya ta shigo. Ni kam abin bai min ba sam, amma ba wanda ake tilastawa, ɗalibai da yawa ko leƙawa basa yi.