Gira Ɗaya Na Ɗaga, Aka Kira Mini Hajiya

Ƙanwar matata ce ummul aba'isin wannan rikici. Tana karatun Turanci a jami'a, ta zo mana hutu, kafin ta koma ta cika wa yayarta waya da littattafan soyayya na Turawan Ingila, irin waɗanda ake ba da labarin zamanin da. Har da umarni ta bar mata: wannan ki fara da shi, wancan kuma kada ki buɗe shi sai kin sauke tukunya. Da na ji sai na yi dariya. Maman Ummi ta sha karanta littattafan soyayyarmu na Kano tun tana budurwa, ban taɓa ganin sun hana ta komai ba. Na ce wannan ma zai zo ya wuce.

Ina! Sai in dawo daga makaranta in yi sallama, a amsa mini ba a ɗago kai ba. Cikin dare ina tsakiyar barci sai in ji an ce, "Kai, amma wannan mutumin ɗan duniya ne!" In farka a firgice ina laluben tocila, in ce wane ne, a ce mini wani Duke ne, wato babban basarake na Ingila, a cikin littafin. Ranar da abin ya kai mini iya wuya, ina cikin ba ta labarin yadda na kai ruwa rana da mai gyaran babur kafin ya yi mini ragi, sai ta dube ni ta ce, "Abban Ummi, kai dai ka cika surutu. Namiji ai kallo ɗaya yake yi a gane abin da yake nufi."

A nan na tabbatar an yi mini kishiya a cikin waya. Ni kuwa malamin lissafi ne, ba na yaƙi da abin da ban san adadinsa ba. Tana madafa na tura littattafan zuwa wayata, na riƙa karantawa a ɗakin malamai, wayar tana ɓoye a cikin rajistar aji.

Abin da na fara lura da shi, kusan dukkansu a cikin 'yan shekaru kaɗan suke faruwa, daga 1811 zuwa 1820, lokacin da Sarki George na Uku ya samu taɓin hankali aka bai wa ɗansa riƙon ƙwarya. A wancan zamanin Jane Austen ta rayu, littafinta Pride and Prejudice ya fito a 1813, amma mutanenta yawanci masu rufin asiri ne na karkara, babu yawan hayaniya. Wadda ta ɗora harsashin irin waɗanda suka kama matata ita ce Georgette Heyer, tun daga 1935. Sai na baya-bayan nan, irin na Julia Quinn mai labarin wani gida mai 'ya'ya takwas, wanda ta fara a shekarar 2000, Netflix ta mayar da shi fim a 2020. In za a tambaye ni, na Heyer sun fi ban dariya kuma sun fi kunya. Wasu daga cikin sababbin kuwa akwai shafukan da sai ka yi a'uziyya ka tsallake, ka waiga ko shugaban makaranta yana bayanka.

Tsarin ɗaya ne. Idan majalisar dokoki ta fara zama, manyan gidaje sukan tattaro 'yan matansu su kawo su Landan, a shiga kakar neman miji. Iyaye mata su ne dillalai. Babbar kasuwar kuwa wani zauren rawa ne da ake kira Almack's, wanda ake buɗewa daren Laraba, kuma wasu manyan mata 'yan ƙalilan ne ke yanke wanda zai samu katin shiga. Kuɗinka ba zai shigar da kai ba in ba su ga dama ba. Ƙarfe 11 na dare ake rufe ƙofa, maza kuma dole su sa wando iya gwiwa. Har ana ba da labarin cewa Wellington da kansa, wanda ya ci Napoleon da yaƙi a Waterloo a 1815, an taɓa mayar da shi daga bakin ƙofa. To bayan duk wannan jan aji me ake ci a ciki? Burodi da man shanu, busasshen kek, shayi da ruwan lemun tsami. Wallahi a unguwarmu ka tara mutane a biki ka ba su wannan, jikokinka ma sai sun ji gori.

A cikin zauren akwai doka: yarinya ba ta rawa da namiji ɗaya fiye da sau biyu a dare, in ta yi na uku an gama, gari ya ɗauka an sa rana. Wata rawa kuma da ake kira wals, wadda namiji ke riƙe ƙugun mace, sabuwa ce a lokacin, dattawa suna ganin ta a matsayin lalacewar zamani. Wannan kam ban ga laifinsu ba.

Sai gogan naku, tauraron labarin. Tantiri ne na ƙin ƙarawa: caca, giya, neman mata, bashin tela, ba ya komawa gida sai asuba. Mutumin da a nan idan aka je binciken aure, mai shayin bakin layinsu kaɗai ya isa ya rusa maganar. Amma a littafin sai a ce ai ubansa ne ya ƙuntata masa yana yaro, shi ya sa. Ita kuma yarinyar kan ta kamar dutse, ga karatu, ga hawan doki, ga tsiwa, manema sun zo ta kore su. Su haɗu su yi ta cacar baki har shafi na ɗari uku, sannan tantiri ya tuba. Idan iyaye sun ƙi, a gudu Gretna Green, ƙauyen farko da ake tararwa an tsallaka iyakar Sikotland, domin dokar 1753 ta hana wanda bai kai shekara 21 ba yin aure a Ingila sai da yardar iyaye, ita kuwa dokar ba ta aiki a can. Maƙeri ne ma yake ɗaura auren a gaban uwar maƙera. Ba waliyyi, ba goro, ba alewa.

Na kuma yi nawa lissafin. Masu sarautar Duke na gaskiya a duk ƙasar a wancan zamanin ba su kai hamsin ba, da yawansu kuma dattawa ne masu iyali. Amma a wayar Maman Ummi kaɗai na gaji da ƙirga su, kowanne matashi, dogo, haƙoransa cif, ba shi da mata.

Duk da haka ban iya ajiye littattafan ba. Yaran nan mata sun iya mayar da magana, sai ka ji kana dariya kai kaɗai abokan aiki suna kallonka. Da na ga na ƙoshi da ilimi, sai na tsamo makaman kishiyar tawa guda uku: tsayuwa a bakin taga da hannuwa a baya, gajeriyar amsa, da ɗaga gira ɗaya. Na ƙarshen nan shi ne babba. Babu littafin da Duke bai ɗaga gira ɗaya ba, kuma da ya ɗaga sai gwiwoyin yarinya su yi sanyi.

A madubin babur na yi atisaye. Matsalar ita ce girata ba ta tafiya ita kaɗai. In na ja ta hagu sama, sai idon dama ya rufe, baki kuma ya bi ta gefe. Na ce ba komai, da daddare ba za a lura da ƙananan abubuwa ba.

Bayan sallar Magariba na shiga falo na tsaya a bakin taga. Tagar tamu katangar maƙwabci take kallo, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba, amma na ƙura wa bulon ido kamar mai tuna wani tsohon baƙin ciki. Maman Ummi ta shigo da tire.

"Abban Ummi, ga abinci."

"Hmm."

"Lafiya kuwa? Me kake kallo a nan?"

Na juyo a hankali, na ɗaga gira.

Tiren ya faɗi, miyar kuka ta wanke leda. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Bakinka ya karkace!" Ashe kawunta da ya samu shanyewar ɓarin jiki da haka ya fara. Ta kama ni tana jijjigawa: "Ɗaga hannunka! Yi magana! Ka san ni?" Da na buɗe baki a lokacin na yi bayani da an wuce wurin. Amma Duke ba ya bayani. Na sake cewa "Hmm", na ƙara jan girar don ta gane saƙon.

Ta yi waje ba ko mayafi. Ummi ta fashe da kuka. Kafin in ankara maƙwabcinmu mai kemis ya shigo da na'urar awon jini, matarsa na biye da shi, yaran layi sun cika ƙofa. Ba a jima ba adaidaita sahu ta tsaya, sai ga Hajiya mahaifiyata da jaka cike da man zaitun, habbatus sauda da ruwan zamzam. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, sai ta tsaya a kaina ta ce, "Kai, me ya same ka?"

To ku gaya mini, da wane baki mutum mai gemu zai dubi mahaifiyarsa, a gaban maƙwabta, ya ce kwaikwayon wani Bature yake yi da ya gani a littafin soyayya? Na ce iska ce ta buge ni a kan babur. Hajiya na jin iska ta fara tofi, ta ce gobe za a karɓo rubutu. Mai kemis ya naɗa mini abin awo a hannu, ya matsa, ya dubi allon ya girgiza kai. Jinin ya hau da gaske, kunya ce ta hau da shi, amma na'ura ba ta san wannan ba. Ya ce lallai in je asibiti da safe. Hajiya kuma ta yanke nata hukuncin nan take: ba gishiri, ba magi, ba tsire, ba kilishi.

Asiri bai tonu ba sai da kowa ya watse. Maman Ummi ta ɗauki wayata za ta kira yayarta ta sanar da ita, tana buɗewa sai ga littafi a buɗe, daidai wurin da wani Duke yake tsaye a bakin taga. Ta karanta layi biyu, ta dube ni, ta dubi tagar. Sai ta sulale ta zauna a ƙasa kusa da miyar da ta zube tana dariya har da hawaye. A daren ta kira ƙanwarta. Tun daga ranar in yarinyar nan ta bugo waya ba ta cewa "Yaya ina wuni", sai dai "Allah ya ja zamanin Duke."

Na ga dole in rama, sai na koma ga ilimina. Da muka zauna washegari na ce, "Maman Ummi, kin san kuwa a Ingilar da kike sha'awa uban yarinya ne yake haɗa ta da dukiya kafin a aure ta? Kuma da an ɗaura aure abin da ta mallaka ya koma hannun miji, sai a 1870 da 1882 aka yi dokokin da suka ba matar aure ikon riƙe kayanta. Da ni Duke ne, da jarin turaren wutarki da atamfofin da kike sayarwa duk nawa ne."

Ta kife wayarta a kan cinya. Ta juyo a hankali. Ta ɗaga gira ɗaya, ita kaɗai, tsaf, ido bai rufe ba, baki bai motsa ba.

"To ba a Ingila muke ba. Tun da ka tuna mini da jari, kuɗin da ka ara ka gyara injin babur ina son abina kafin ƙarshen wata."

Na biya rabi. Asibiti sun ce jinina lafiya lau, na kai wa Hajiya takardar har gida, ta ce ita ba ta yarda da takarda ba tun da da idonta ta ga baki a karkace. Kullum da yamma sai ta bugo wa Maman Ummi ta tambayi abin da aka dafa mini, ita kuma ta ba ta rahoto dalla-dalla da ladabi. Batun gishiri, in ji Hajiya, sai bayan Babbar Sallah za a duba.