Firintar Alhaji Tsumulmula Ta Shiga Yajin Aiki

Alhaji Tsumulmula: Ɗanliti! Zo ka karanta min abin da wannan munafukar ta rubuta.

Ɗanliti: Kawu, cewa ta yi ba ta san wannan katirij ɗin ba, wato mazubin tawadar da ke cikinta.

Alhaji: Ba ta san shi ba? Wata uku yana kwana a cikinta, yau ne za ta ce ba ta san shi ba?

Ɗanliti: Ai ba na kamfaninta ba ne. Na gama-gari ne, wanda ka ce in sayo. Na faɗa maka araha ba ta ado.

Alhaji: Ado na ce maka ina nema? Tawada tawada ce. Baƙi kuma baƙi ne, ko wa ya dama shi.

Ɗanliti: Amma hoton da muka buga rannan, fuskarka kore ta fito.

Alhaji: Hasken ɗakin ne.

Ɗanliti: Har haƙoranka, Kawu.

Alhaji: Na ce hasken ɗakin ne! Kuma duk wanda ya ga hoton sai da ya ce na yi ƙuruciya.

Mutum ɗaya ne ya ga hoton, shi ma tambaya ya yi ko Alhaji ya je asibiti. Ana cikin haka Injiniya Na-Sani ya leƙo. Ba wanda ya kira shi, dama ba a taɓa kiransa ba.

Injiniya: Ranka ya daɗe, tun daga waje na gano matsalar. Kowane irin wannan katirij akwai ɗan cif manne a jikinsa, da shi firinta ke gane ɗan gida da baƙo. Masu na gama-gari sukan kwaikwayi cif ɗin, a yi ta zama lafiya, har ranar da aka sabunta manhajar firintar. Kwanan nan ba ta nemi a sabunta ta ba?

Alhaji: Jiya ta nema. Na danna.

Injiniya: Me ya kai ka?

Alhaji: Kyauta ne fa! Ni ban taɓa ganin kyauta na ɗauke kai ba.

Injiniya: To kyautar ce ta rufe ƙofa. A Satumbar 2016 haka ta faru da masu wasu firintocin HP, aka wayi gari sun daina karɓar katirij ɗin da ba na kamfanin ba. Sai da aka yi ta surutu kamfanin ya ba da haƙuri, ya fitar da gyara.

Alhaji: Ni wa zai ba ni haƙuri?

Ba wanda zai ba shi, don sunan da ke jikin firintarsa ya goge tun Ɗanliti na firamare. Amma tsakani da Allah, ka sayi abu da kuɗinka, ka ajiye a ɗakinka, wani daga wata duniya ya aiko masa da saƙo cewa ya daina jin maganarka, ko ba marowaci ba ne kai ranka zai ɓaci.

Injiniya: Ai firintar suke sayar maka da sauƙi, ribar tana cikin tawada. Har gaban Kotun Ƙolin Amurka maganar ta je a 2017, aka yanke cewa kamfanin firinta na Lexmark ba zai fake da haƙƙin ƙirƙira ya hana wani kamfani sake cika katirij ɗinsa ya sayar ba.

Alhaji: Allahu Akbar! Kotu ta ba ni gaskiya. Ɗanliti, gaya mata.

Ɗanliti: In gaya wa wa?

Alhaji: Ita mana! Sunkuya daidai inda takarda ke fita ka gaya mata.

Injiniya: Ranka ya daɗe, hukuncin bai hana su sa cif ba.

Alhaji: Kai lauyanta ne? Ɗanliti, ɗauko tsohon ɗan kamfanin nan da na ɓoye, akwai saura a ciki. Na girgiza shi na ji.

Aka ɗauko, aka sa. Firinta ta yi gurnani, ta yi tari, ta yi wannan dogon nazarin nata kamar mai tuna bashi.

Ɗanliti: Kawu, yanzu kuma ta ce rawaya ta ƙare.

Alhaji: Ina ruwan wasiƙata da rawaya? Baƙi zalla ce! Ni tunda na sayi injin nan ban taɓa buga rawaya ba.

Ɗanliti: Shuɗi da rawaya ne ke ba da kore, Kawu.

Alhaji: Wa ya sako maganar hoto a nan?

Injiniya: Ita da kanta take sha. Ƙofofin da tawada ke fesowa sun fi gashin kai siranta, idan aka daɗe ba a buga komai ba sai su bushe su toshe. To kafin ta fara aiki sai ta tura tawada ta wanke su, kowane launi da rabonsa. Sau nawa kake bugu?

Alhaji: Sau ɗaya a wata biyu. Tattali nake yi.

Injiniya: Tattalin ne ya shanye ta.

Alhaji: Wato in na buga ta sha, in ban buga ba ta sha?

Injiniya: Sai dai ka sayi mai tanki, wadda ake ɗura wa tawada daga kwalba, babu ruwanka da katirij.

Alhaji: Sayi? Ɗanliti, ya ce sayi? Raka shi waje. A'a, tsaya, rufe ƙofa tukuna kada iskar fanka ta bi shi. Zauna ka rubuta wa kamfanin nan takardar ƙorafi, shafi uku, ka zazzage musu tas. Ka gama ka bugo min in sa hannu.

Ɗanliti: In bugo da me, Kawu?

Alhaji ya dubi firinta. Firinta ta ci gaba da ƙyafta masa jar fitila.

Alhaji: Ɗauki biro.

Ɗanliti: To.

Alhaji: Ba wannan ba, nawa ne. Ari na Injiniya. Kuma ka bar shafi ukun nan, takarda ba a bishiya take tsirowa ba.

Injiniya: Ai kuwa ranka ya daɗe, asalin takarda daga bishi...

Alhaji: Ɗanliti, karɓi biron ka buɗe masa ƙofa.